Ranar Da Muka Kashe Tsohuwar Lambar Sirri

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na ga saƙonninku, masu faɗa da masu addu'a, har da wadda ta ce in na ƙara ɓacewa haka za ta biyo ni Minna da ƙafarta. Ki yi haƙuri 'yar uwa, ba jan aji ba ne. Makon da ya wuce ko abinci a tsaye nake ci. Sababbin da suka shigo kuma, sunana Hidaya, 'yar Malam Garba kafinta ta Sauka Kahuta. Ina aiki a laburaren wata kwaleji mai zaman kanta da ke hanyar Maitumbi, ba zan kama sunanta ba don ina son aikina. Saurayina Anwar, shi ne wanda aka ce iyayensa maza za su zo ranar Asabar a sa mana rana. To ku gyara zama.

Sai na fara yi muku bayanin aikin da ya ramar da ni, don in ba ku gane shi ba, ba za ku gane abin da ya shiga tsakanina da Anwar ba.

Laburarenmu ba littattafan kan kanta kaɗai gare shi ba. Akwai mujallun bincike da littattafai masu yawan gaske a intanet, waɗanda kwaleji ke biyan kamfanonin waje duk shekara don ɗalibanmu da malamanmu su karanta. Tun kafin a ɗauke ni aiki, da lambar sirri ɗaya tal ake shiga. An rubuta ta da maka a jikin kwali, an manna a bangon ɗakin kwamfuta. Ɗalibi ya kwafa ya ba abokinsa, abokin ya ba ƙanwar budurwarsa, wanda ya gama makaranta ya tafi da ita garinsu. Ba mu san wa ke shiga ba. Ba mu san wace mujalla ake karantawa ba, wace ce ake biya a banza. Wani lokaci sai malami ya shigo yana kumfar baki sannan mu gane wa'adin wata ya ƙare tun watan jiya.

Shugabarmu, Madam Hadassah, ta yi ta rubutu sama har aka gaji aka sayo mana manhaja. Ita wannan manhajar za ta tattara komai wuri guda: me muka saya, a wajen wa, yaushe wa'adinsa zai ƙare, me yarjejeniya ta halatta, me ta hana. Kowane ɗalibi da malami kuma zai samu akawun ɗinsa da lambarsa shi kaɗai. Ranar da takardar amincewa ta fito Madam ta kira ni ofis, ta dube ni ta saman tabarau.

"Hidaya, ke za ki riƙe abin nan. Ni idona ya gaji, ritaya ta kusa. Ba na so in tafi in bar muku kwali a bango."

Ba a nan ta tsaya ba. Ta juyo min da kwamfutarta na karanta wasiƙar gargaɗi daga ɗaya daga cikin kamfanonin. Sun ce abin da ake saukewa da lambarmu ya wuce hankali, in aka ci gaba za su yanke mu. Ga masu tantance kwasa-kwasai za su zo daga Abuja wata mai kamawa. In suka tarar an yanke mu, kwas ɗin jinya na iya rasa amincewa, yara ɗaruruwa su tsaya cak.

Haka na shiga aikin nan ni da Oga Ndagi, mutumin sashen kwamfuta, Banufe mai fara'a, uban 'ya'ya huɗu. Kada ku ji an ce manhaja ku ɗauka danna maɓalli ne kawai. Ɗaliba ɗaya sai ka same ta da suna iri uku: Aishat a ofishin rajista, Aisha a sashenta, A'ishatu a katin laburare. Sai mun bi ɗaya bayan ɗaya. Yarjejeniyoyin kamfanoni kuwa wasu a durowar Madam, wasu a ofishin akanta, ɗaya ma a ƙarƙashin firinta muka same ta an yi mata matashi da ita. Muna tsakiyar shigar da bayanai a ɗauke wuta. Mu kira malamai horo, rabinsu su zo bayan an raba lemo. Wani dattijon malami ya ce min shi ya girmi a ba shi lambar sirri, in dai ba zan riƙa zuwa ofishinsa ina buɗe masa ba, to a bar masa ta bango.

In na dawo gida kuma wani aikin ne. Umma ta sa an yi wa falo sabon fenti, warinsa har cikin miya. Gwaggo Kyauta, yayar Baba, ta taso daga Maitumbi da jakarta ta tare a ɗakina, wai sai ta ga abin da ya ture wa buzu... a'a, ba haka ta ce ba, cewa ta yi sai ta ga an sa ranar nan da idonta kafin ta koma. Ina shiga da jakar kwamfuta za ta fara.

"Ga 'yar boko nan. Ke dai har ranar ɗaurin aure da wannan jakar za a kai ki."

Ba na ganin laifinsu. Shekarata ashirin da takwas, ƙannen bayana a dangi duk sun yi aure. Kuma Anwar ba wanda za a ƙi ba ne. Lokacin da injin yanka katako ya ci hannun Baba, shi ya ɗauke shi a mashin zuwa asibiti, ya yini a can da jini a rigarsa. Wayar Umma in ta rikice shi take jira. A layinmu har an daina ce masa saurayin Hidaya, sai dai surukin Malam Garba.

Ranar Litinin bayan la'asar ina cire takalmi saƙonsa ya shigo: "Ranki ya daɗe, talakanki na ƙofar gida."

Na watsa ruwa a gurguje, na zura doguwar rigar atamfa mai ruwan ganye, na yafa baƙin mayafi, ko hoda ban tsaya shafawa ba sai kwalli. Na same shi a kan bencin da Baba ya ƙera a gindin mangwaro, cikin shadda ruwan toka, hula a ɗan karkace, ledar ayaba ta Umma a gefensa. Ƙamshin turarensa ya riga sallamarsa isowa.

"Madam laburare, kin rame."

"Aikin nan ne. Jibi Laraba za mu buɗe in sha Allah. Ana yin azahar tsohuwar lamba ta mutu."

Yana juya makullin mashin a yatsa. Sai ya daina.

"Ta mutu kamar yaya?"

"Kamar yadda ka ji. Kowa da tasa."

"Wanda ba ɗan kwalejin ba fa?"

"Babu shi a ciki."

Ya yi wata 'yar dariya wadda ba ta kai ido ba. "Hidaya, kin san da wace lamba nake aiki a shago kuwa?"

Wallahi 'yan uwa, na gane inda ya dosa tun kafin ya ƙarasa. Shagon Anwar a Bosso yake, yana buga takardu, fotokwafi, ɗinke furojet. Na san ɗalibai na yabonsa da cewa yana nemo musu takardun bincike. Ban taɓa kawo wa raina daga inda suke fitowa ba, intanet ai faɗi gare ta.

"Wani ɗalibinku ne ya ba ni tun kafin in san ki," in ji shi. "Fotokwafi kowa na yi a layin nan. Abin da ke kawo mutane wajena shi ne, yaro ya zo da taken furojet ɗinsa yau, gobe ya tarar da tulin takardu. Rabin cinikina ke nan."

"Anwar, ashe kai ne. Sun rubuto mana fa. Sun ce za su yanke mu."

"Ni kaɗai ne? Rabin garin nan na da lambar nan."

"Amma ba rabin garin nan ke saukewa daga safe zuwa yamma ba."

Ya matso kaɗan, ya sassauta murya. "Ki saurare ni. Ba sata nake yi ba, karatu ne. 'Ya'yan talakawa ne, makarantunsu ba su da irin abin da kuke da shi. Waɗanda suka rubuta takardun nan me ya ragu a jikinsu? Akawun ɗaya kawai. Ki sa sunan malamin wucin gadi. Ke ce mai makulli, wa zai sani?"

"Shi ya sa ba zan iya ba. Don ni ce mai makullin."

Ya sunkuyar da kai. Da ya ɗago sai ya ce, "Gidan da za ki zauna, da shagon nan zan riƙe shi, Hidaya. Mutum uku ke ci a ƙarƙashina."

Wannan maganar ta shige ni. Ba ƙarya ya yi ba. Na san yadda ya fara da firinta ɗaya a barandar wani. Sai ya miƙe, ya ce in gaida Umma, ya tayar da mashin. Bai ce "sai na kira" ba, yadda ya saba.

Ashe tagar falo a buɗe take don warin fenti ya fita. Ina shiga Umma ta tare ni da ludayi a hannu.

"Lamba ce fa, Hidaya. Ba kuɗin gwamnati ya ce ki ɗebo masa ba. Ko gishiri maƙwabciya ta roƙa ai kya ba ta, balle mijin da za ki aura."

"Umma, amana ce."

"Shi kuma da ya yini da ubanki a asibiti, wace ce wannan?"

Gwaggo Kyauta daga kan tabarma ta ɗora nata: "Mace ta samu mai sonta tsakani da Allah, ta tsaya gardama a kan kwamfuta. Kwamfutar ce za ta aure ki?"

Na shige ɗaki na kwanta rigingine ina kallon fanka. Na ɗauki waya, na ajiye. Na sake ɗauka. Na rubuta masa "Ka isa lafiya?" na goge. Ku gaya min gaskiya, da ku ne ya za ku yi? Don ni har na fara lissafa yadda zan yi abin ba tare da an gane ba. Na san hanyar, ni na tsara ta. Shi ne abin da ya fi ba ni tsoro.

Laraba ta zo. Madam Hadassah ta sha leshi ruwan hoda da ɗaurin gwaggwaro kamar mai zuwa biki. Ni kuma abaya ruwan ƙasa na sa, don in zufa ta keto kada ta nuna. Ɗakin kwamfuta ya cika maƙil, shugaban kwaleji a gaba, ɗalibai har bakin taga. Ina fara bayani aka ɗauke wuta. Aka yi ta jan janareta yana tari yana mutuwa, ni kuma ina tsaye da makirufo a hannu ina murmushin dole. Da ƙyar ya kama.

Na kira wata ɗalibar jinya, Charity, na ce ta gwada da wayarta a gaban kowa. Ta sa lambarta, ta rubuta abin da take nema a kan ciwon suga ga masu juna biyu. Abu ya yi ta juyawa. Sai ga takardu sun jeru.

"Ya buɗe! Ma, ya buɗe! Ke nan ko a gida zan iya?"

"Ko a cikin keke," in ji Oga Ndagi, ɗaki ya ɗauki dariya da tafi.

Ana kiran azahar na shiga na kashe tsohuwar lamba. Dannawa ɗaya. Madam da kanta ta taka kujera, leshi da komai, ta ɓamɓaro kwalin nan daga bango, ya taho da fenti. Ta rungume ni tana cewa, "'Yata, kin fitar da ni kunya." Ya kamata in yi farin ciki. Na yi, amma wayata na ta rawa a aljihun abaya.

Na fita baranda na duba. Anwar ne, hoton allon kwamfutarsa ya turo, da jan rubutu a tsakiya. A ƙasa: "An rufe." Sai wani: "Ga yara tsaye a kaina, Litinin za su kare furojet." Sai wani, sunana kawai: "Hidaya."

Na rubuta: "Ka yi haƙuri don Allah. Akwai wuraren da ake samun takardu kyauta ta halal, ba su kai namu ba amma suna da yawa. Zan zo in nuna wa ma'aikatanka."

Alamar saƙon ta yi shuɗi, ya karanta. Bai amsa ba. Na duba a cikin keke, na duba a bakin famfo, na duba ina tsakiyar cin tuwo har Umma ta ce in ajiye wayar nan ko ta jefa ta a randa.

Washegari Alhamis da rana sai ga saƙo: "Na huce, ranki ya daɗe. Ki manta da maganar, Allah ya kawo mafita. Wane lalle za a yi min, ja ko baƙi?"

'Yan uwa, na karanta ya fi sau goma. Na ji kamar an sauke min buhu daga ka. Na ce a raina, ga shi nan, mutumin kirki ne, fushi ne kawai irin na ɗan Adam. Da yamma mai lalle ta zo ta zana min ja da baƙi har gwiwar hannu, Gwaggo na ta guɗa ƙasa-ƙasa. Ranar na ci abinci a zaune.

Juma'a da safe ina jera sababbin katunan bayani a kan kanta Oga Ndagi ya leƙo da kofin shayinsa. Hausarsa ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a wajensa.

"Amarya! Wannan lalle ya yi kyau. Aikin da ka aiko na yi shi tun jiya, ka gani?"

"Wane aiki, Oga?"

"Na mutuminka mana. Anwar. Ya same ni jiya da safe, ya ce an ɗauke shi koyarwa na wucin gadi, takarda bai fito ba tukuna. Ya ce kai ka ce in buɗe masa akawun, don kai kana jin kunya ka yi da hannunka, kada a ce son kai." Ya yi dariya. "Na ce ai gaskiya ne, Hidaya akwai kunya."

Katunan suka zube daga hannuna.

"Ya ce ni na aiko shi?"

Dariyar ta bar fuskarsa a hankali. "Ba kai ba ne?"

Na zauna gaban kwamfuta, na nemo akawun ɗin na rufe. Daga nan na wuce ofishin Madam kafin zuciyata ta ba ni wata shawarar. Oga Ndagi ya biyo ni, har yanzu kofin na hannunsa.

Na faɗa mata komai a tsaye. Ba ta katse ni ba. Da na gama ta cire tabarau ta murza idanu.

"Kin rufe?"

"Na rufe, Ma."

"Ndagi, ka buɗe wa mutum akawun ba takarda?"

"Ma, sunan Hidaya ya kira. Ni kuma..."

"Zan rubuta wa shugaba da kaina yau, kafin wani ya kai masa a karkace. Ndagi, za ka samu takardar gargaɗi, ba yadda zan yi. Daga yau ba a buɗe akawun sai mutum biyu sun sa hannu." Ta dube ni, muryarta ta sauka. "Wannan na ofis ne, na gama da shi. Na gida kuma, 'yata, ba ni da manhajarsa."

A bakin ƙofa na ce, "Oga, ka yafe ni." Ya ce, "Ba kai ka yi ba." Amma bai kalle ni ba. Mutumin da bai taɓa samun ko harara a wajen aiki ba, yau an ɓata masa fayil saboda ya yarda da sunana.

Ana saukowa daga masallacin Juma'a na tari keke zuwa Bosso. Hanya ta cushe, rana kamar ta sauko ƙasa, mai keken na ta hira da ni ban san me nake amsa masa ba. Shagon a cike na same shi, injin fotokwafi na ta gurnani, wata yarinya zaune a kan benci ta rungume fayil, idanunta jawur. Yana ganina ya san na sani. Ya ja ni bayan kanta inda suke tara takardu.

"Ka ce ni na aiko ka."

"Hidaya, rage murya."

"Ka je wajen mutumin da ke ganin girmana, ka yi masa ƙarya da sunana."

"Da kin yarda tun farko ai da ba a kai nan ba."

"Au, laifina ne?"

"Ban ce ba. Amma gobe fa za a sa mana rana. Sunanki da nawa ai sun zama ɗaya."

"Ko aro ne ai ana tambaya, Anwar."

Ya cire hula ya share goshi. Ya nuna yarinyar da haɓa. "Kin ga waccan? Daga ƙauye take zuwa, Litinin za ta tsaya gaban malamai, na yi mata alkawari. Mutum biyar sun karɓe aikinsu sun kai wani shago tun Laraba. Na rasa yadda zan yi ne. Na ce in na gama na waɗannan zan gaya miki da kaina."

"Da saƙon lallen? Shi ma rasa yadda za ka yi ne?"

Na tsaya ina jira. Kalma ɗaya nake jira, ku ma kun san ta: haƙuri. Injin ya yi ta gurnani, wani ya leƙo yana tambayar canji. Ba ta fito ba.

Kafin in fita na tsaya wajen yarinyar, na karɓi taken aikinta, na nuna mata a wayarta wurare biyu da za ta samu takardu kyauta. Ta yi ta godiya. Ban waiwaya ba.

Asabar gidanmu ya tashi da ƙamshin waina. Umma da maƙwabta biyu a bakin tanda, miyar taushe na tafasa, zoɓo da kunun aya a cikin kula, an shimfiɗa sabuwar darduma a falo, turaren wuta ya kori warin fenti. An ajiye min leshi ruwan zuma a kan gado da mayafinsa. Na shiga ɗaki, na fito. Na ɗauki tsintsiya, na ajiye. Gwaggo ta ce, "Zumuɗi ne, ku ƙyale ta."

Na zagaya rumfar Baba da ke jikin gida. Yana goge ƙafar wata kujera da hannunsa mai tabo, don shi ko ranar Sallah sai ya taɓa katako. Na durƙusa.

"Baba, ina da magana."

Ya ajiye abin gugar. Na faɗa masa tun daga kwali har zuwa takardar gargaɗin Oga Ndagi. Ban ƙara ba, ban rage ba, har da yarinyar mai jan ido na faɗa, don kada in zalunci Anwar. Baba bai san manhaja ba, bai tambaye ni mece ce ba.

"Ya ce ke kika aike shi, alhali ba ki aike shi ba."

"E, Baba."

"Kina son sa?"

Hawayen da na riƙe tun jiya suka zubo. "Ina son sa, Baba. Shi ne abin da ya dame ni."

"To me kike so in ce wa baƙi?"

"Ka karɓe su da mutunci. Amma don Allah kada a sa rana yau."

Ya dubi garin katakon da ke ƙasa. Sai ya yi ajiyar zuciya. "Uwarki za ta yi mako tana ba ni tuwo ba man shanu. Tashi ki wanke fuskarki."

Shi ya gaya wa Umma, ba ni ba. Ina ɗaki na ji ƙarar faɗuwar murfin tukunya, sai salatin Gwaggo. Umma ta shigo ta tsaya a kaina, zaninta duk toka. Na jira faɗa. Ta dubi leshin da ke kan gado, ta dube ni, ta fita. Wallahi da ta zage ni da ya fi min sauƙi.

Da hantsi aka yi sallama. Muryoyin maza, gaishe-gaishe, aka rufe ƙofar falo. Na zauna a bakin gado, na miƙe, na leƙa taga, ba abin da nake gani sai takalma a jere. Ba a daɗe ba na ji takun Baba. Ya tsaya a bakin ƙofata da babbar rigarsa, Umma da Gwaggo a bayansa.

"Sun riga ni," in ji shi. "Kawun Anwar ya ce jiya bayan magariba yaron ya same su ya zayyana musu komai da bakinsa, har ƙaryar. Ya ce Litinin zai je kwalejin ya wanke mutumin da aka ba takarda. Su ma ba rana suka zo sawa ba, haƙuri suka zo bayarwa." Ya gyara hannun riga. "Yaron na bakin layi a cikin mota. Ya ce in kin fito ya gode, in ba ki fito ba, ba zai ga laifinki ba."

Gwaggo ta tafa hannu. "Alhamdulillahi! To me ake jira? Tashi mana!"

Ban tashi ba. Zuciyata ta rabu biyu tana faɗa da kanta. Ɗaya na cewa, namijin da ya iya tsayawa gaban kawunnansa ya ce na yi ƙarya, ba ƙaramin abu ya yi ba. Ɗayar na cewa, wanda ya iya tsara Oga Ndagi, ya tsara ki da saƙon lalle, kawunsa ne zai gagare shi?

Umma ta ratsa ta gefen Baba ta shigo. Ta ɗauki mayafin leshin ta ajiye min a cinya, ta yi magana ƙasa-ƙasa yadda Gwaggo ba za ta ji ba.

"In za ki fita, ki fita don kanki. Kada ki duba wainar nan, maƙwabta za su cinye."

Na dube ta. Idonta ya ciko, ta kau da kai.

Na yafa mayafin, ba don na yafe ba. Na bi ta gaban takalman baƙi, na wuce rumfar Baba, matan layi na leƙe ta katanga. Motar na tsaye a gindin transifoma. Yana hango ni ya buɗe ƙofa ya fito, ba hula, rigar jiya ce a jikinsa. Ya taho, ya tsaya nesa kaɗan, ya buɗe baki.

Na ɗaga masa hannu.

"A'a," na ce. "Yau ni zan fara."